Motar da Muka Ciro Daga Rumbun Dabino

Ku samarin yanzu kukan zo warsha, wato garejin nan nawa, ku tsaya a bakin ƙofa, waya a hannu, ku nuna mini bidiyo: an jawo tsohuwar mota daga juji, kafin shayin mutum ya huce ta koma sabuwa fil. Sai ku kira ni baffa da Larabci, ku ce, "Ammi Usman, ashe aikin naku mai sauƙi ne." Ba na yi muku musu. Amma tunda yau an zauna, bari in ba ku labarin mota guda ɗaya, ku auna da kanku. Da Hausa zan faɗa. Wanda ya ga dama ya amsa mini da Larabci, na saba.

Ni samkari ne, wato mai buga jikin mota ya miƙar da shi. Malaman Kano da ke karantarwa a jami'a idan sun kawo mini motocinsu fanal-bita suke ce mini, duk abu ɗaya ne. A Sudan aka haife ni, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi. Mahaifina ya zo da mu aikin hajji, bai koma ba, muka zauna a Madina, a unguwar Harra ta Gabas, cikin gidajen nan na baƙin dutse. Da na fara tasawa ya kama hannuna ya kai ni wajen Usta Idris; usta kuwa shi ne gwanin sana'a.

Usta Idris mutumin Asmara ne, kuma a hannun Italiyawa ya koyi aiki tun yana yaro. Ranar da na fara zuwa bai bar ni na matsa kusa da mota ba. Wata tukunyar alminiyam ya miƙo mini wadda tayar babbar mota ta taka, ya haɗa mini da gudumar icce, ya nuna mini wani kututture mai rami a tsakiya. Ya ce, "Ka mayar da ita tukunya." Na yi ta bugu har tukunyar ta tsage. Ya kawo wata. Ita ma ta tsage. Sai a lokacin ya nuna mini cewa ƙarfe yana gajiya: in ka cika bugunsa sai ya taurare, in ka matsa masa ya fashe. Ya kunna wutar walda, ya rage iskarta har ta yi hayaƙi, ya shafe tukunya ta uku da baƙin hayaƙin nan. Sannan ya gyara wutar ya bi ta kai a hankali. Da baƙin ya ɓace sai ya janye. Ya ce, "Yanzu ta huta. Buga." Na buga, na ji ta yi laushi kamar fata. Alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Yana nan fari, yana nan fari, sai kawai ka ga rami. Baƙin hayaƙin nan shi ne kaɗai mai gaya maka gaskiya.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne ido maƙaryaci ne. Yakan sa ni in shimfiɗa tsumman auduga a tafin hannu, in kau da kai gefe, in shafa jikin mota. Tudun da ido bai gani ba, hannu zai ji shi. Ma'ajun kuwa, wannan ƙullin da ake shafawa a cike rami, a warsharsa kamar abin kunya ne. Yakan ce wanda ya cike rami da ma'ajun bai gyara ba, binnewa ya yi.

Na daɗe a ƙarƙashinsa. Bayan rasuwarsa na buɗe tawa warshar tare da Abakar, Bahaushen Chadi daga Abeshe, makanike. Ni jiki, shi inji. Yawancin aikinmu ba abin da za a ba da labari ba ne: tasi da ta daki ginshiƙi, motar ɗaukar alhazai da aka goga a cunkoso, matar gida da ɗanta ya fita da mota ba izini tana so a gyara kafin maigida ya dawo daga tafiya. Da irin wannan aka ci abinci, aka aurar da 'ya'ya. Ba na raina shi.

Ana nan wata rana, kafin shekarar korona da ɗan lokaci, wani dattijo ya shigo yana dogara sanda. Balarabe ne, manomin dabino daga Badar, sunansa Salim. Ya zauna a kan kujerar da muke ba baƙi, ya sha shayi, sannan ya ce, "An ce mini kai ne ka rage cikin yaran Idris."

Na ce, "Akwai wasu, ya ammi, amma sun bar sana'ar."

Ya ce, "Ina da mota. Ina so ta koma yadda ta fito daga hannun masu yin ta. Ba kyau nake nema ba. Asali nake nema."

Muka tafi Badar ni da Abakar. A ƙarshen gonarsa akwai wani rumbun ƙasa inda ake ajiye dabino, ya sa aka janye buhuna da tabarmi. Ga ta nan. Ƙaramar mota ce ta Italiya, ƙirar shekarun sittin, kujeru biyu, dogon gaba, gajeren baya, tsayinta bai wuce ƙuguna ba sosai. An yi mata jan fenti mai kauri irin na ƙofar gareji. Ɓeraye sun cinye kujerun. Zumar dabino ta ɗiga daga buhuna ta daskare a kan bonet. Rafraf na hagu, wato kumatun da ke saman tayar gaba, ya lotse an cike shi da ma'ajun har ya tsattsage. Abakar ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya juyo ya dube ni. Injin da ke ciki na motar ɗaukar kaya ne ta Japan.

Ammu Salim, wato Baffa Salim, ya ce, "Aikin yarana ne. Sun ga ta tsaya, suka sa mata wannan, suka yi mata ja wai motar Italiya ja ce. Nata yana can." Ya nuna lungu. A ƙarƙashin wata tsohuwar darduma injin asali yake kwance a gefensa, ya kafe, ko juyawa ba ya yi.

A hanyar fita ya ba mu tarihinta. Yana saurayi ya yi aiki da wani injiniyan Italiya da ke shimfiɗa hanya tsakanin Badar da Yanbu. Injiniyan ne ya zo da motar a jirgin ruwa. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Salim. A cikinta ya ɗauko amaryarsa daga Madina, tsofaffin garin suna ta faɗa wai wace irin mota ce wadda ba ta da wurin zaman uwar amarya. Matar ta rasu shekarar da ta gabaci zuwansa wurina. Bai ce don haka ne yake son gyaran ba, ni ma ban tambaya ba.

Da muka ɗoro ta a babbar mota muka kawo warsha, aikin farko shi ne tuɓe ta. A bidiyonku wannan ƙiftawar ido ne. A gaskiya kuwa kowane noti sai ka lallashe shi. Irin waɗannan motoci fatarsu alminiyam ce, an naɗe ta a kan ƙashin bututun baƙin ƙarfe, kuma ƙarafan biyu ba sa ga maciji da juna. Masu yin ta sun sa ƙyalle a tsakani don kada su haɗu. Inda ƙyallen ya ruɓe, alminiyam ya koma farin gari kamar gishiri. Badar kuma iskar teku tana kaiwa can. Ba za ka sa inji ka kankare fentin ba, don zafinsa zai murɗe fatar. Da magani da wuƙar roba na bi ta, taki taki.

A nan ne maganar launi ta taso. Tun farko Ammu Salim ya gaya mini motar shuɗiya ce. Ya ce, "Shuɗi irin na tekun Yanbu da hantsi." Da na cire jan kuwa sai ga shuɗin a ƙasa, kamar yadda ya faɗa. Amma da muka sauke tankin mai, a bayansa inda hannun mai fenti ba ya kaiwa, sai na ga kore. Kore mai duhu, kamar ganyen zaitun. Na cire robar ƙofa, kore. Na leƙa ƙarƙashin allon sitiyari, kore. Na koma kan ƙofa na goge da samfefa mai laushi a wuri ɗaya, launukan suka fito zobe zobe: ja, shuɗi, kore, sannan farar shimfiɗar farko, sannan ƙarfe. Injiniyan ne ya sake mata launi tun kafin ta hau jirgi.

Na kira shi ya zo. Na nuna masa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ban taɓa ganin ta koriya ba."

Na ce, "Haka ne, ya ammi. Asali biyu ne a nan. Akwai na masu yin ta, akwai naka. Duk wanda ka zaɓa zan yi, kuma babu mai cewa ka yi kuskure."

Abakar ya sa baki, ya ce, "Ka yi shuɗin. Kai ne za ka hau, ba Italiyawa ba."

Dattijon ya koma kan kujera. Ya roƙi ruwa, aka ba shi. Ya ce a bar shi ya je ya yi tunani. Bayan Juma'a ya dawo, ko zama bai yi ba ya ce, "Ya usta, ka yi koren. Na ce asali, ba zan janye ba don asalin ya zo da abin da ban zata ba. Shuɗin yana cikin kaina, babu mai kankare shi a can."

Rafraf ɗin hagu shi ya fi cin rai. Da na fasa ma'ajun ɗin, abin da ke ƙasa ya riga ya mutu, ba ya gyaruwa. Dole in ƙera sabo daga shimfiɗaɗɗen falle. Na yi masa ƙashi na katako, ina aunawa da na dama. Sai na lura na daman da ragowar na hagun ba su taɓa zama daidai ba. Na hagu ya fi cika da kusan kaurin yatsa a saman fitila. Na leƙa ciki da tocila, ga sawun guduma a jere, na dama ƙanana a matse, na hagu manya a warwatse. Mutum biyu ne suka buga ta, ɗaya a kowane gefe, kowa da hannunsa. To me ake nufi da asali a nan? In na daidaita su, ta fi kyau, amma ba ita ba ce. Na bi hannun mutumin hagu. Ban san sunansa ba, ban san ko yana da rai ba, amma na zauna da bugunsa har na gane yana farawa daga tsakiya ne ya fita waje, kuma gudumarsa ta fi tawa faɗin baki. Sai da na gyara bakin wata guduma da magagari don ta yi irin sawunsa. Fallen farko na ɓata shi. Na biyu ya zo kusa. Na uku ne ya zauna, na haɗa shi da wutar gas kamar yadda suka yi, na buge ɗinkin har hannu ba ya jin inda tsoho ya ƙare sabo ya fara.

Abakar kuwa yana can ƙuryarsa da inji. Ya jiƙa shi da mai, kullum ya ɗan taɓa, har fistin suka saki. Ya warware shi gaba ɗaya, ya wanke, ya jera kayan a gwangwanayen madara da farantan ƙwai a kan dogon teburi. Ba ya rubuta komai. In ka tambaye shi sai ya nuna goshinsa. Shi da Ammu Salim sun yi ta kai ruwa rana a kan lagireto. Abakar ya ce wanda aka yi mata don sanyin ƙasarsu ne, a zafin Madina tafasa za ta yi.

Ya ce, "Bari in sa mata babba, in ɓoye fanka a gaba. Wallahi ko wanda ya ƙera ta ba zai gani ba."

Ammu Salim ya ce, "Ni zan sani."

"To ba za ka hau ta da rani ba."

"Sai in hau ta da sanyi. Dabino ma ba kullum yake nuna ba."

Abakar ya yi tsaki ya koma aikinsa, amma tsohon lagireton ya kai aka sake masa ciki, bai canza ko noti ɗaya ba. Ta hanyar wani ɗan Ammu Salim muka samu wani tsoho a Italiya mai ajiye kayan irin waɗannan motoci, shi yake aiko mana da bawul da zobban fistin da robobi.

Sai shekarar korona ta shigo. Ku kun san ta, amma kun san ta daga ɗaki. Mu aka ce a rufe warsha, muka rufe. Babu umara, babu baƙi, babu tasi a hanya balle ta daki wani abu. Ma'aikatanmu biyu suka koma ƙasashensu da aka buɗe hanya, ba su dawo ba. Kayan da aka aiko daga Italiya suka maƙale. Motar tana tsaye tsirara ba fenti, na lulluɓe ta da zannuwan gado. Cikin wannan hali ciwon ya kama Abakar. Aka kai shi asibiti, ba a bari a je a gan shi. Ya rasu, aka rufe shi a maƙabartar Baƙi'a da mutane kaɗan, ban samu shiga ba. Allah ya jiƙansa.

Da aka buɗe gari na koma na ɗaga ƙofa. Teburinsa yana nan yadda ya bar shi, ƙura ta rufe gwangwanayen. Na tsaya a kansu. Shekaru muna aiki kafaɗa da kafaɗa, amma ban san wace washa ce ke bin wace ba. Na kawo makanikai biyu suka duba. Ɗaya ya ce a zuba duka a buhu a nemo wani injin. Ɗayan ya ce zai haɗa, amma da na ga yadda ya ɗauki kafireto kamar ya ɗauki bulo, na ba shi haƙuri. Ammu Salim shi ma ya sha jinya, ya fito gwiwoyinsa sun ƙara lalacewa. 'Ya'yansa suka fara cewa a sayar da ita haka nan ga masu tara irin waɗannan a Riyad. Ya kira ni a waya ya ce, "Ya usta, ka gaya mini gaskiya. Za ta tashi ina da rai?" Na ce masa ban sani ba. Gaskiyar ke nan.

Abakar yana da ɗa, Yusuf, magidanci da 'ya'yansa. A nan aka haife shi, ya yi karatun injiniya, yana aiki a babban kamfanin motoci inda ake jona kwamfuta ta faɗi ciwon mota. Shi da mahaifinsa ba su cika jituwa a kan sana'a ba. Uban yana ganin ɗan bai san inji ba, ɗan yana ganin uban yana aiki da ƙaddara. Ya zo kwashe kayan aikin mahaifinsa. Ya tsaya gaban teburin nan, hannu a aljihun jallabiya, bai taɓa komai ba.

Na ce masa, "Ka ga inda ya tsaya."

Ya amsa da Larabci, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Ammi, ni ban taɓa haɗa inji mai kafireto ba. A littafi kawai na gan shi."

Na ce, "Ni ko a littafi ban gan shi ba."

Ya sake duban teburin. Sannan ya ce, "Kada kowa ya motsa gwangwanin nan ko ɗaya."

Ya riƙa zuwa ranar hutunsa. Abin da na iya ba shi kaɗan ne: na san Abakar daga hagu yake jerawa zuwa dama, kuma abin da ya fara cirewa shi ne mafi nisa. Sauran Yusuf ne ya yi da nasa ilimin. Ya zo da ma'aunai masu lambobi, ya auna kowane abu, ya gano ramin fistin guda ya buɗe fiye da sauran, abin da sai an haɗa an tayar za a gane da ba don shi ba. Tsohon Italiyan nan ashe ya tsira daga korona, kayan da suka maƙale ma suka iso. Yusuf yakan kira shi ta bidiyo, waya tana fassara musu, tsohon yana ihu yana nuni da hannu. Wata rana na ji Yusuf yana dariya shi kaɗai. Na tambaye shi. Ya ce ya gane mahaifinsa ya riga ya jera washoshin bawul bisa kaurinsu, kowacce a ramin ƙwanta, kuma ma'auninsa bai saɓa da jerin ba sai a wuri ɗaya. Na ce, "A wuri ɗayan nan, wa ya yi daidai?" Ya ce, "Ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma shi da yatsa ya yi."

Ni kuma na koma kan jiki. Fentin irin na da muka nema, wanda ba ya ƙyalli kamar gilashi irin na yanzu. Ana fesa shi siriri, a bari ya sha iska, a goge, a sake. Na yanko ɗan guntun da ke bayan tanki na kai wa mai haɗa launi, muka yi ta gwadawa a rana da inuwa, don koren da ya yi daidai a cikin warsha yakan fita waje ya zama wani abu dabam. Kujerun wani Bahalabe, Balarabe mai ɗinkin kujeru, ya ɗinka su da fata, ya bi ramukan allurar tsohon ɗinkin da ɓeraye suka rage. Ba rediyo, ba na'urar sanyi, ba madubi a dama, don ba ta zo da su ba.

Ranar da aka tayar da injin bai tashi da daɗi ba. Ya yi tari, ya yi harbi ta salansa, ya mutu. Yusuf ya sake lokacin wuta, ya tashi yana rawa. Kafireto biyu ne, dole su ja iska daidai da juna. Ya jona ma'auninsa ya daidaita su har lambobin suka zo ɗaya. Rawar ta ragu. Ya ƙara murɗa kaɗan, ya saurara, ya mayar rabi. Sai ƙarar ta kwanta, ta zama ɗaya, mai kauri, har gwangwanayen da ke kan teburi suna amsawa. Maƙwabta suka fito daga warshoshinsu. Na kira Ammu Salim na ɗora wayar kusa da salansa. Da na mayar kunne sai na ji yana cewa, "Ita ce. Ita ce."

Muka jira sanyi ya shigo, saboda lagireton nan. Wata safiya bayan an yi sallah gari ya waye, ɗan Ammu Salim ya kawo mahaifinsa. Ya zagaya motar da sandarsa, a hankali, ya tsaya a gaba, ya koma baya. Ya ce, "Koren ya fi kyau. Allah ya yafe wa injiniya." Da aka zo shiga sai matsala ta fito. Kujerar tana ƙasa ƙwarai, kulocin kuma da tauri. Ya gwada takawa, gwiwar ta ƙi. Ya gwada kuma. Sannan ya ce wa Yusuf, "Zo ka ja, ya waladi, ɗana. Ni zan zauna inda matata take zama."

Suka kama hanyar Badar, ni ina bin su a baya da motar warsha. Ban yi baƙin cikin rashin kujera ba. Samkari daga waje yake ganin aikinsa. Rana tana fitowa ta bayanmu, hasken yana bin gefen motar daga fitila har wutsiya bai karye ko a wuri ɗaya ba. Masu manyan motoci suna rage gudu suna danna oda. A tsakanin duwatsu nakan ji Yusuf ya sauke giya, ƙarar ta daki dutse ta dawo.

A bakin gonar suka tsaya. Na ga ƙofofi sun buɗe, Yusuf ya zagayo yana ɗaga dattijon. Na iso na tarar ana gardama. Ammu Salim ya ce daga nan zuwa rumbu shi zai ja.

Yusuf ya ce, "Ya ammi, gwiwarka."

Ya ce, "Taki ɗaya ne. In sa ta a giya ta fari, shi ke nan. Cikin gonata wani ba zai shigar da ni ba."

Muka zaunar da shi. Ya kama cinyarsa da hannu biyu ya danna ƙafar a kan kuloci, fuskarsa ta yamutse, giyar ta shiga. Motar ta yi tsalle kaɗan ta tafi. Hanyar gonar siririya ce, dabino dama da hagu, mu muna biye da ƙafa. Jikokinsa suka fito suna gudu suna ihu. Ya juya yana ɗaga musu hannu, sitiyarin ya bi shi, motar ta karkata hagu ta shiga ƙarƙashin wani ƙaramin dabino da ba a sare wa rassan ƙasa ba. Kun san ƙayar dabino. Na ji ƙarar tun daga inda nake.

Ya tsaya, injin ya mutu. Na ƙarasa. A kan rafraf ɗin hagu, wanda na ƙera, ga zane dogo kamar kamu ɗaya, ya ratsa koren har farar shimfiɗa ta fito. Ɗan dattijon ya dafe kai. Ni kuwa hannuna ya riga ya kai wurin, ina shafawa, ina lissafin yadda zan mayar da ita Madina in goge in sake fesawa kafin zafi ya dawo.

Aka fito da shi. Ya dogara sanda ya zo ya duba zanen, ya dube ni. Sai ya sa bakin sandar ya ɗan ture mini hannu.

Ya ce, "Ɗauke hannunka, ya usta. Naka aikin ya ƙare, ka mayar da ita ranar da aka yi ta. Wannan nawa ne."

Na ce, "Ya ammi, abu ne mai sauƙi, ba zai..."

Ya ce, "Na sani. Bar shi." Ya juya wajen jikokin ya ce, "Wa zai fara hawa?"

Ya hau ta sanyin wannan shekarar da na bayanta, kullum Yusuf ko ɗan dattijon na ja, jika ɗaya a kan cinyarsa. Yanzu ya rasu, Allah ya gafarta masa. 'Ya'yan ba su sayar ba. Duk farkon sanyi sukan ɗoro ta a babbar mota su kawo warsha, Yusuf ya canza mai ya saurari kafireto. Ni aikina in wanke ta in duba ko farin garin nan ya fara fitowa a gefen ƙofofi. In na zo kan rafraf ɗin hagu nakan wanke zanen da kyau, in shafa masa kakin da zai hana iska shiga, in wuce. Fentin da ya rage yana nan a gwangwani a kan kanta, da buroshin da zai rufe shi cikin ɗan lokaci. Babban ɗan ya taɓa tambayata ko zan gyara. Na ce masa mai motar ya hana.